Gwajin Hanjin Baba

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Baba, ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, ɗalibaina ma haka. Ɗakin ne dai ya cika shiru in na dawo daga makaranta, amma ana sabawa.

Na ga saƙonki. Kin ce likita ya ce tunda Baba ya kai saba'in da takwas, kuma gwajin kansar hanji sau uku bai nuna komai ba, zai iya dainawa, don wahalar maganin wanke ciki da zura na'urar za ta iya fin amfanin. Ban manta jirin da ya kwashe shi a ƙofar banɗaki wancan karon ba.

Amma Auta, a gaban likita Baba ya juya gare ki ya ce, "Ke me kika gani?" Ke? Ni ce fa nake karanta masa kowace takardar asibiti sau biyu, yana cewa, "Malama, maimaita a hankali." Yanzu 'ya'yan mutane talatin ke tambayata kullum, ubana kuwa sai dai labarinsa ya iske ni. Allah ya yi miki albarka, da gaske nake, ko da yake ina rubutawa ina cije leɓe.

Ki tambayi likita alamomin da za a riƙa lura da su, kamar jini a bayan gida ko rama. Ni ma na yarda a daina. Sai dai kada ki faɗa masa. Ki miƙa masa waya, ya tambaye ni da bakinsa.

Yayarki