Agogunan Baba da Ƙwayoyin Zuciya

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya ciwon gwiwar nan? Ina fata Inna tana lafiya.

Baba, ina cikin damuwa. Ka san aikina a ɗakin bincike: ina renon ƙwayoyin zuciya a ɗan farantin gilashi, da burin wata rana a yi wa zuciyar da ta lalace faci da su. Kowace ƙwaya tana bugawa, amma kowacce da nata lokacin, kamar ajin da malami ya fita. Shugabarmu ta ce idan wata ya ƙare ba su haɗa bugu ba, za a rufe aikin. Wahalar shekara uku fa!

Na tuna agogunan nan biyu masu lilo da kake ratayewa a shagonka, su daidaita tafiyarsu ba wanda ya taɓa su. Don Allah ka rubuto mini yadda kake yi.

Taka,
Auta

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Wasiƙarka ta iso, har da tabon man inji a gefenta.

Ka ce a bangon siminti ba sa taɓa daidaita, sai a kan katako mai ɗan motsi, don kowane yana girgiza shi kaɗan, ɗan'uwansa ya ji. Ina karantawa na dafe kai. Ni da tarin digirina, na manna ƙwayoyina a kan gilashi mai tauri, ta yaya za su ji juna?

Na mayar da su kan shimfiɗa mai laushi. Ranar ta huɗu biyu suka haɗa bugu, sai goma, sai duk farantin ya ɗauka tare. Babu mai ba su umarni, kowacce maƙwabciyarta kawai take ja. Wallahi kuka na yi.

An ƙara mana shekara biyu. Shugabar ta tambayi littafin da na samo dabarar. Baba, ka yafe mini, tun zuwana nan injiniya nake ce musu kai ne. Ranar, a gaban kowa, na ce mahaifina mai gyaran agogo ne, shi ya koya mini.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara maka lafiya.

'Yarka,
Auta