Fil Mai Jan Ƙyalle

Asabar, 2 ga Maris
Akwatin ya iso. Mijina Doyle ya buɗe shi a kan teburin cin abincina, ko jarida bai shimfiɗa ba. Wani ƙarfe ne kamar ƙatuwar katantanwa, wai turbo. Ya ce hayaƙin inji ne ke juya ta, ita kuma ta riƙa ɗura wa injin iska har ƙarfinsa ya ninka. Na ce motarka Tsohuwa ƙirar 1970 ce, kai kuma ka girme ta, wanne a cikinku ya roƙi a ninka shi? Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Laraba, 13 ga Maris
Shi da ƙanensa Harlan sun tare a gareji. Sun canza fistin ɗin injin duka takwas, wai na da ba za su jure ba. To in ƙarfe ba zai jure ba, ina ga mutum?

Tun aurenmu yake tsere da motar nan, ban taɓa kallo ba. Zama nake cikin akori-kurarmu a bayan rumfar 'yan kallo, in rufe ido in bi shi da kunne. Cikin motoci ɗari zan ware muryar Tsohuwa. Ta yi ruri, ta canza giya, sai ya ɗaga ƙafa daga totur muryar ta faɗi. Da na ji faɗuwar nan na san ya tsira, sai in buɗe ido.

Lahadi, 7 ga Afrilu
Sun tayar da ita bayan coci. Ba muryarta ba ce. Turbo ta haɗiye rurin, sai wani siririn fito kamar buta a kan wuta. Harlan ya leƙo yana washe baki, "Matar Yaya, kin ji waƙa?" Na ce na ji, ka goge ƙafarka kafin ka shigo mini.

Da me zan bi shi yanzu? Tsoro nake ji.

Juma'a, 19 ga Afrilu
Wata sabuwa: laima, irin ta masu dirowa daga jirgin sama, wai ita za ta buɗe ta rage wa mota gudu. Masu filin tseren sun ce motar da ta kai wannan gudun birki kaɗai bai isa tsayar da ita ba. Filin kuwa gajere ne. Bayan layin ƙarshe ɗan kwalta, sai yashi, sai raga, sai itatuwa.

Ninke laimar ake yi cikin jaka a bayan mota, a soke ta da fil mai jan ƙyalle don kada ta buɗe a banza. Kafin mota ta tashi dole wani ya zare fil ɗin ya nuna wa direba. Doyle ya ce na fi kowa iya ninki. Na ce zanen gado nake ninkewa, ba likkafani ba.

Ban so na faɗi haka ba. Ya fita.

Asabar, 27 ga Afrilu
Gwaji. Ina cikin akori-kura, ido rufe. Na ji tashinta, daga nan ta ɓace mini. Babu canjin giya, babu faɗuwar murya. Sai ihun mutane.

Ban san yadda na isa can ba. Hancinta cikin yashi, raga ta naɗe ta. Doyle na zaune a ƙasa, hular kwano a gefensa, jini a leɓe. Ya ja hannun laima ba ta fita ba. Fil ɗin na nan a soke, jan ƙyallen yana kaɗawa. Harlan ya shagala da duba iskar taya ya manta. Ƙaton mutum da furfura, yana kuka har da majina.

Litinin, 29 ga Afrilu
Kafaɗun Doyle sun yi baƙi inda bel ɗin kujera ya riƙe shi. Ina shafa masa magani na ce a sayar da ita, ko a cire katantanwar nan a jefa kogi. Ya ce, "Verna, ni ma tsoronta nake ji. Amma in na bari yanzu, da yashin nan zan riƙa kwana har in mutu."

Ban taɓa jin ya ce yana tsoron wani abu ba. Da ma bai faɗa ba.

Alhamis, 2 ga Mayu
Ba na iya cin abinci.

Alhamis, 9 ga Mayu
Sun gyara gabanta. Harlan ya rantse ba zai sake taɓa fil ba, Doyle ya ce zai roƙi wani a fili. Wani? Wanda bai san ko sukari nawa yake sawa a kofi ba?

Na shimfiɗa laimar a falo, na bi igiyoyinta ɗaya bayan ɗaya. Na ninke, na warware, na sake, har gwiwoyina suka gaji. Da ya shigo na ce, "Ni zan zare. In ba ka gan shi a hannuna ba, ba ka tashi, ko duk filin zai zage ka." Ya ce to.

Asabar, 11 ga Mayu
Ranar tsere. Ashe kwaltan wurin tashi danƙo ne da shi, yana kama takalmi. Ƙaurin roba har maƙogwaro. Na durƙusa a bayan Tsohuwa, zafin salansa na dukan ƙafata, yatsuna sun ƙi kama fil ɗin. Sai a karo na biyu ya fito. Na zagaya na manna shi a gilashin tagarsa. Ya dubi fil ɗin, ya dube ni, ya gyaɗa kai.

Na rufe ido kamar kullum, sai na tuna kunne ba zai yi mini komai ba. Na buɗe.

Fitilar tashi ta yi kore. Gabanta ya ɗaga, bayanta ya ɗan karkata hagu, na ce shi ke nan. Ya daidaita ta. Ta yi ta ƙanƙancewa, itatuwan nan kuwa suna nan suna jira. Na kira sunan Allah, na kira sunansa. Sai can nesa wani abu ja ya bazu a bayanta. Ninkina ne.

Harlan ya rungume ni, na ce sake ni, warin mai kake. Fil ɗin ya bar mini shaida a tafin hannu, har yanzu wurin na zafi.

Talata, 14 ga Mayu
Tsoron na nan, kada in yi wa kaina ƙarya.

Doyle ya nemi fil ɗin da safe, na ce yana jakata, nan ne wurinsa. Yana ba ni labari wai motar da suka kara da ita, ta hagunsa, ta riga shi da kaɗan. Na ce na gani ai, kai ka yi nawa, fitila ta yi kore kana zaune kamar mai jiran a zuba masa abinci.

Ya ajiye cokali ya zuba mini ido. Na ce mene ne, kofinka na hucewa.

Laimar na falo. Zan ninke ta kafin Asabar, don dai ta tare mini hanya ne.