Na Sara, Ba Mai Binnewa

Germantown, 20 ga Afrilu, 2014

Zuwa gare ki Kaltum, ruwan farko na shukata, gawona mai ganye da rani, zumar kogon kuka, nonon safe mai ɗumi, tauraruwar da ban taɓa ɓata hanya ba muddin ina kallonta. Gaisuwa da kewa mai cin rai.

Shekara huɗu ke nan ina faɗin magana ɗaya, har bakina ya gaji, ba wanda ya tanka mini. 'Ya'yan da muka haifa sun raba mu kamar kayan gado! Likita, ɗanki na fari, ya ajiye ni nan Germantown a ɗakin sama, ina kallon motoci ta taga. Autarki Mubina ta ɗauke ki zuwa Upper Marlboro, wai wankan jego na kwana arba'in. Yau yaron da kika je wa wanka yana zuwa makaranta da jaka a baya, an haifi ƙanensa, an yaye shi, ke kuwa shiru. Wane irin arba'in ne wannan da ba ya cika? Tafiyar awa guda ce a mota tsakaninmu, amma ni da ba lasin ba mota, da can da garinmu Bakori duk ɗaya ne a wurina.

Kin tuna bara war haka, da suka kwashe mu zuwa bakin ruwan Washington kallon itatuwan nan masu fure? Kina sanye da mayafinki ruwan ƙwai. Iska ta kaɗa, furanni suka zubo miki a ka kamar ana yi wa amarya liƙi, kika yi dariyar nan taki da ke fito da wushiryarki. Wallahi sai na ga yarinyar da na sani shekara arba'in da bakwai da suka wuce. Na miƙa hannu zan cire miki fure ɗaya daga kafaɗa, sai ga Mubina da gudu, wai Mama ki zo, lokacin fakin ɗin mota ya ƙare. Fakin! Hannuna yana sama aka ja ki. Har yau bai sauko daidai ba.

A ranar ne Malam Ladan, abokin Likita mai koyar da tarihi a jami'a, ya ba ni labarin da ya hana ni sukuni. Ya ce Rumawan dā suna da biki a ƙarshen wannan wata, idan sanyi ya kau, ƙasa ta farka. Kwana shida suke yi domin wata gunkiyarsu ta furanni mai suna Fulora. Kowa ya ajiye farin kaya ya sa mai launi, a ɗaura fure a ka, a saki zomaye da awaki cikin fili, a riƙa watsa wa jama'a wake, wai don gona ta yi yabanya, mata su haihu, zukata su karkata ga juna. Na ce masa subhanallahi, wannan ai shirka ce da ɓarnar iri. Wake a rami ake sa shi, ba a kan mutane ba. Ya yi ta dariya. Amma da na koma ɗakina sai abin ya tsaya mini a rai. Mutanen da ba su san alƙibla ba sun gane cewa idan itace ya yi fure ba a barin namiji shi kaɗai, amma 'ya'yana masu digiri bibbiyu ba su gane ba? Ban ce mu yi bikin arna ba, Allah ya tsare. Cewa na yi ko arna sun fi yaran nan tausayi!

Mu ma ai muna da namu, wanda ba gunki a cikinsa. Ranar da ruwan shuka ya sauka, na zo gayya gonar mahaifinki, ina saurayi, wuyana kamar na raƙumi don taƙama. Ina gaba da sungumi ina sara, kina biye da ƙwaryar iri. Ƙwaya uku kike saki, ba biyu ba, ba huɗu ba, ki ja ƙasa da yatsun ƙafa, ki danne da diddige. Ban waiwayo ba ko sau ɗaya saboda idon manya, amma ina jin ƙarar munduwarki a bayana, da ita nake auna takuna. Da muka kai ƙarshen kunya kika ce a hankali wai sarana ya karkace kamar tafiyar mai maye. Wannan zagin na ɗauka na kai wa kawuna na ce a je a nema mini aurenki. Damina nawa muka yi haka, ni da ke, har gwiwoyinmu suka fara ƙara?

To ga shi yanzu Likita ya samo mini ɗan fili a lambun unguwa, wai don in daina damun mutane. Faɗinsa bai fi tabarma huɗu ba. Na sa an ƙera mini sungumi a gida aka kawo. Bara na fita ni kaɗai. In sara, in dawo baya in zuba, in manta ramin da na sa da wanda ban sa ba, bayana ya riƙe. Diddigena ba shi da hikimar naki; kafin kwana biyu kuregu sun tone rabi, abin da ya tsira kuma zomaye suka aske shi tas, kamar jikokin waɗanda Rumawa suka saki ne suka biyo ni har Amurka. Wata tsohuwa mai fili kusa da nawa, Olive, ta tausaya ta ce za ta riƙa bi na da iri. Na ce mata a'a da hannu da ka. Bayan sarana ƙafa ɗaya ce take takawa a duniya, kuma tana Upper Marlboro tana dama wa jikoki kunu.

Na san abin da za ki ce. Za ki ce Mubina ta yi mini tayin ɗaki a gidansu na ƙi. Eh, na ƙi, kuma gobe ma zan ƙi! Ni Maitama in kwana ƙarƙashin rufin surukina, in haɗu da shi da safe ina riƙe da buta? Da wane ido? Ke ce kika san ni, ya kamata ki faɗa musu. Amma duk sanda na kira waya sai ki ce in yi haƙuri, sai abin da yara suka ce. Yaushe yara suka fara ba da aurenki? Haba sanyin idona, haba rijiyata mai ruwa a tsananin bazara! Haƙurin nan ban ci shi ba har ya ƙare? Shekarata saba'in da huɗu. Furen nan sau nawa kike zaton zan sake gani?

Ga roƙona. Masu lambu sun ce bayan goma ga Mayu sanyi ba ya kashe shuka. Ki zo mu shuka waken nan, ki zauna a ɗakin mijinki, jikoki a kawo su Asabar da Lahadi kamar na kowa. Na riga na gaya wa Likita, idan shukar bana ta wuce ba ki zo ba, ya mayar da ni gida in ƙarasa kwanana a bakin gonata. Ya ɗauka rigimar tsufa ce. Ke kin san ba na magana biyu. Ko ina can, ko ina nan, ko ina cikin ƙasa, ba ni da wata sai ke, ban taɓa yi ba, ba kuma zan fara da furfura ba.

Ki sa tabarau ki karanta da kanki, kada ki ba Mubina ta rage mini magana. Sannan ki ɗauki waya ki gaya mini da bakinki, ba da bakin yara ba: za ki zo, ko in tafi? Na tambayi ɗa, na tambayi 'ya, na tambayi suruki. Ke kaɗai kika rage. Don girman Allah, Kaltum, ki amsa mini!

Mijinki har ranar da za a tashe mu,
Maitama