Bushon Motata da Sunan Malam Isuhu

Zuwa ga Shugaban makanikan garejin bakin tasha, Dakoro.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan ana cikin aiki lafiya, ina sanar da kai, da jama'ar gari, da duk wanda lamarin ya hana sukuni, cewa motata a-kori-kura ta daina ɗigar da mai. Yau kwana tara wurin da take tsayawa a bushe yake. Sai dai ina da ƙorafi kan wani mutuminka, Malam Isuhu bakanike.

Na ɗaya. Cikin damina ya canza mini man pon, wato tulun ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya. Bayan mako biyu na ga mai yana ɗiga daga bushon da ake kwancewa a zubar da tsohon mai. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, mu da ake kira Mushe a nan, shekara ashirin ina gyara kuskuren mutane da jan biro, saboda haka ban ɓata lokaci ba. Na faɗa a fadarmu ta hira, ana shan shayi, cewa Isuhu ya cinye haƙoran bushon. Alhaji Mamman mai wake yana wurin, kuma tun ranar ya ɗauke motocinsa biyu daga hannun Isuhu.

Na biyu. Na yi wa abin magani da kaina. Na shafa sabulu, na naɗa leda, sannan kowace safiya na zura bututu a kile, wato sifana, don ƙarin ƙarfi, na ɗaure bushon har sai na ji kafaɗata. Ɗigon ya ƙaru.

Na uku, kuma nan ne ƙorafin. Da na ga zan ɗauki kayan wake zuwa Maraɗi, kuma pon da ya bushe ba ya shawara da mai shi kafin ya karye, na koma wurin Isuhu da bayanin da na karanto, cike da Faransanci. Ya saurara har na gama. Ya wanke pon ɗin da gazuwal, wato man dizal, ya goge, ya ɗebo toka daga murhun mai shayi ya barbaɗe shi sama da ƙasa, ya ce, "Mushe, zaga gari ka dawo."

Da na dawo ya sa na kwanta a tabarma na leƙa. Ga layin mai nan baƙi a cikin tokar, ya taso tun daga sama. Ashe akwai wata 'yar ƙofar numfashi a saman pon, kuma laka ta toshe ta ranar da na ratsa ruwa a hanyar Ɗan Gulbi. Pon ya yi zafi, mai ya tsattsafo ta gefenta, ya gangaro ya taru a bushon don shi ne ƙasa da kowa. Haƙoransa kuwa lafiya lau, sai zoben jan ƙarfen da ke bakinsa da na murƙushe da bututuna. Ya zura waya ya buɗe ƙofar, ya sa sabon zobe, ya cika mai, ya ɗaure da hannu ɗaya kamar mai rufe kwalbar turare.

Shugaba, mutumin nan ya ji abin da na faɗa a kansa, domin a Dakoro magana ba ta kwana a fada. Bai ɗaga zancen ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Bar wa yara bututun nan su yi wasa." Da ya zage ni da na samu abin riƙewa.

Roƙona biyu ne: a karanta takardar nan a gareji da tasha da babbar murya, kuma a zaɓi lokacin da Alhaji Mamman yake kusa. Allah ya ƙara maka lafiya da haƙurin shugabanci, ya sa albarka a hannun Malam Isuhu.

Abin da na faɗa a fada ba gaskiya ba ne. Aikinsa daidai yake, ni ne na yi kuskure.

Wassalam.

Mushe Habu, Dakoro.