Hanya a Mahaɗar Shimfiɗu

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara.

Ina cikin tsaka mai wuya. Kin san aikin digirina: ina jera sinadaran oksayid iri biyu, shimfiɗa kan shimfiɗa, kowace ta fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Na lura duk sanda na ƙara yawan shimfiɗun, ƙwayoyin oksijin masu ɗaukar caji sukan ƙara saurin wucewa. Na ce a mahaɗar shimfiɗun suke samun hanya. Jiya mai jarraba ni ya ture takarduna ya ce, "Wa ya gaya miki oksijin ne? Lantarki ne kawai ke yoyo." In ya yi gaskiya, shekarun da na yi gaban tanda ina gasa shimfiɗun nan sun bi ruwa.

Ɗakin bincikenku na da na'urar bin sawun oksijin. Ga samfuri biyu cikin auduga. Don Allah ki taimaka.

Ƙanwarki,
Auta

Auta,

Wa'alaikis salam. Duk muna lafiya, yara na gaishe ki. Saƙo ya iso, ɗaya ya gutsure a kusurwa. Har yau ba ki iya ɗaure kaya ba.

Ban auna da hannuna ba, kada a ce 'yar'uwa ta yi wa 'yar'uwa alfarma. Abokin aikina na ba. Ya shayar da na farko oksijin mai nauyi, irin wanda na'urar ke iya bin sawunsa, ta sama, ya duba, bai ga ya yi nisa ba. Ba zan ɓoye miki ba, jikina ya yi sanyi. Saura ɗaya. Ki riƙa cin abinci.

Yayarki

Yaya,

Ina gaisuwa. Na karanta, na yi kukana, har na fara kwashe littattafai daga teburina. Sai na sake karantawa. Ta sama kika ce? Ai hanyar a kwance take! Ku toshe saman, ku shayar ta gefe. In wannan ma bai nuna ba, na haƙura.

Na bar ki lafiya.
Auta

Auta,

Gaisuwa, da albishir. An bi ta gefe. Oksijin ya kutsa can ciki, layi-layi, daidai kan kowace mahaɗa, tsakiyar shimfiɗun kuwa da ƙyar ya motsa. Abokin aikina ya ƙura wa hoton ido ya ce, "Kamar an ja da rula." Guɗar da na rangaɗa sai da mutanen ɗakin gaba suka leƙo. Ga hoton da sa hannunsa.

Allah ya ƙara basira.
Yayarki

Yaya,

Salam. Na kai wa mai jarraba ni hoton. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Zauna ki koya mini yadda kika jera su."

Na zauna, na fara masa bayani daga shimfiɗar farko.

Allah ya bar zumunci.
Auta