Makunnin Da Ya Cinye Hannun Ƙanena

Malam, don girman Allah ka taimake ni, zuciyata tafasa take yi. Ni ma'aikacin lantarki ne a Gumel. Ƙanena Ilu yana aiki a wani gidan ɓarar gyaɗa mai babban inji da taransifoma. Bara makunnin babbar wutarsu ya lalace, lokacin ina Kano. Irinsa ƙato ne, cikin mai yake zaune, don man ya kashe tartsatsi idan an yanke wuta. Barau, mai kula da kayan gidan, ya ƙi jira a kawo irinsa. Ya je kasuwar Maigatari ya sayo wani mai ƙyalli da aka shigo da shi daga Damagaram, rubutunsa duk Faransanci, ba wanda ya karanta. Wai ai makunni makunni ne. Kai jama'a! Da damina Ilu ya kashe shi zai gyara waya, wutar ta tsallake 'yar tazarar da ke cikin makunnin ta kama shi. Hannunsa na dama sai yankewa aka yi. Barau ko sannu ta kirki bai yi ba, cewa ya yi ƙaddara ce.

To ga shi yanzu ya buɗe nasa gidan injin a Gagarawa Tasha, kuma don rashin kunya ni ya aiko wa in zaɓar masa makunni. Malam, wancan mai ƙyallin da aka cire na ɗauko shi, yana ɗakina, na goge shi fes. Na rantse shi zan ɗaura masa. In ina da laifi ka faɗa mini, amma kullum na ga matar Ilu tana ɗaura masa tazuge sai in ji kamar in haɗiyi zuciya.

Mai Ƙunar Rai, Gumel

Ɗan'uwa, Allah ya ba Ilu haƙuri. Fushinka yana kan hanya, domin abin da Barau ya yi ganganci ne, kuma fakewa da ƙaddara rainin hankali ne. Sai dai shi jahilci da gaggawa suka ja shi, kai kuwa da saninka za ka yi. Sunan wannan kisan kai.

Kuma ka taɓa ganin mai gida yana tayar da inji da hannunsa? Lebura zai ɗauka, ƙanen wani, mai mata da 'ya'ya kamar Ilu.

Ka ɗauki makunnin nan ka kai gaban dattawan unguwa ko alƙali, a kira Barau, ka bayyana yadda wuta ta tsallake shi, a sa ya ɗauki nauyin Ilu. Aikin Gagarawa kuwa, in ba za ka iya ba, ka ƙi. In ka karɓa, ka sa makunni mai zama cikin mai, wanda ƙarfin da aka rubuta a jikinsa ya fi na layin, ka kuma binne wayar ƙasa mai kwashe wutar da ta ɓalle.

Hannu ɗaya da aka rasa ya isa. Allah ya sanyaya maka zuciya.