Shirun da Na Tarar a Gida

Daren Laraba, a kan bencin asibiti

Yau gidanmu na Malali ya yi wani irin shiru da ban saba ji ba. Kwana tara ke nan da ƙanwata Hafsa ta haifi ɗa namiji, kuma yaron bai daina wannan siririn kukan ba, jikinsa na karkarwa. Likita ta ce kodin ɗin maganin tarin da Hafsa ta riƙa sha lokacin tana da cikinsa ne ke barin jikinsa, a naɗe shi a zane, a rage haske, a yi haƙuri.

Na dawo daga ofis da la'asar, ko motsi babu. Na same shi a kwance, leɓɓansa sun yi duhu, yana numfashi sama-sama. Na juya kan Hafsa na ce, "Kin koma shan kodin, ko? A nono ya sha!" Ta ce, "Wallahi Yaya, ko warinsa ban ji ba."

Sai ga Inna da murmushinta. "Ni na yi masa magani. Kwalbar maganin tari na tsinta a bayan akwati, na ɗiga masa kaɗan. Kun ga ya samu barci."

Kwalbar da na ƙwace a hannun Hafsa ce, na ɓoye, na manta ban zubar ba.

Hafsa na ciki tare da shi, har yanzu ban ba ta haƙuri ba. Ina nan na kasa kunne. Allah, Ka sa in ji kukan nan.